Tsintsiyar Jan Biro

Ranar Litinin Jan Biro ya iso maɗaba'a tun mai shara bai gama da farfajiya ba, sanye da rigar da ya goge da hannunsa, yana tafiya kamar wanda aka yi wa albishir a hanya. Mai shara ya gaishe shi, ya amsa har da tambayar iyali. Mutumin ya tsaya yana bin sa da kallo, don shekara uku ke nan gaisuwarsa ba ta samun abin da ya wuce gyaɗa kai.

Sunan ya samo shi ne daga aikinsa na asali. Shekara talatin ya yi yana gyaran rubutun mutanen da suka ɗauki kansu marubuta, yana cire musu waƙafin da ba shi da aiki da kalmomin da suka zo cin arziki. Matarsa ce ke kula da kwamfutocin gidan, kowa Injiniya yake ce mata. Da ta rasu, Manaja, wanda ɗan ƙanwar Jan Biro ne, ya duba hagu ya duba dama, ya ga babu wanda ke iya karanta rubutun hannunta sai mijinta. Sai ya miƙa masa makullin ɗakin babbar kwamfuta da littafin da ta bari mai baƙin bango. Haka ake naɗa ƙwararru a wurare da yawa, faɗa ne kawai ba a yi.

A cikin babbar kwamfutar akwai ƙananan manhajoji da ke aiki a bayan fage, ba mai ganinsu. Ɗaya na kula da haruffa, ɗaya na duba launi, ɗaya na rage nauyin hotuna. Kowacce idan ta tashi sai ta buɗe wa kanta wani ɗan fayil da ake kira soket a foldar wucin gadi. Fayil ne da ba komai a cikinsa. Injiniya taga take ce masa, irin ta kanti: ta nan ake miƙa wa manhaja aiki, ta nan take miƙo amsa. Matsalar ita ce manhajojin nan sayo su aka yi, kuma ragwaye ne. Da an ɗora musu shafi mai nauyi sai su kife, su bar tagoginsu a bango ba kowa a baya. Wata idan ta farfaɗo sai ta huda sabuwar taga kusa da tsohuwar, tarkace ya yi ta taruwa. Wata kuma ta tarar da tsohuwar a gurbinta, ta ce an riga ta, ta ƙi aiki.

Shafi na sha huɗu na littafin Injiniya ya yi maganar wannan. A samansa ta rubuta, ta ja layi biyu: Ƙwanƙwasa kafin ka share. A ƙasa akwai umarni guda, wanda ke bin tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya ɗan jira, a ƙarshe ya fito da jerin waɗanda ba a amsa ba. Su ne Jan Biro ke gogewa da hannu kowace Litinin. Ƙwanƙwasar kaɗai rubu'in awa take ci, yana zaune yana kallon baƙin allo kamar mai jiran likita.

Wata rana cikin jiran nan dabara ta faɗo masa. A cikin ragwayen nan uku babu wadda ta taɓa yin mako guda a tsaye. Ke nan duk tagar da ta wuce kwana bakwai, mai ita ta daɗe da kifewa. Me ya kawo ƙwanƙwasa? A duba kwanan wata kawai. Mako uku ya yi yana haɗa abin, yana bin littattafan matarsa da ƙamus a gefe, har ya samu layi goma sha ɗaya waɗanda ba kalmar banza ko ɗaya a cikinsu. Ya sa musu suna Tsintsiya. Tun da ya zo duniya gyara na wasu yake yi. Wannan ne abu na farko da ya rubuta da kansa.

Ƙarfe tara ya aika a kira masa Manaja da Auta. Auta ƙanwar marigayiya ce, ita ke tsara shafuka, kuma tun ranar da ya auri yayarta ba ta taɓa raga masa ba. Ɗakin kwamfutar ƙarami ne, sanyi kamar cikin firji, batura jere a ƙasan teburi, kujera ɗaya. Suka tsaya a bayansa.

"Mijin yaya, turare nake ji?" in ji Auta. "Aure za ka ƙara ba mu da labari?"

"Ki ja bakinki ki buɗe idonki. Yau za ki ga ilmi."

"Kawu, don Allah a yi a gama," in ji Manaja yana duba agogo. "Ka san ƙamus ɗin nan yana kan wuta. Motar da za ta kai farantai wurin babban injin bugawa ƙarfe biyu za ta tashi. Abin naka ba zai taɓa aikin ba ko?"

"Ƙamus yana hannun Dillaliya. Ba ruwan Tsintsiya da Dillaliya."

Dillaliya ita ce manhaja ta huɗu, kuma ita ba sayo ta aka yi ba. Injiniya ce ta rubuta ta. Tana karɓar shafuka daga kwamfutar Auta, ta sarrafa su, ta riƙe su a cikinta, ta riƙa miƙa wa injin da ke zana su a kan farantan ƙarfe. Tun jiya da dare take fama da ƙamus mai shafi ɗari huɗu, aikin awa goma sha ɗaya. Ba ta taɓa kifewa ba, ba ta taɓa ƙorafi ba, don haka ba ta taɓa shiga lissafin kowa ba.

Jan Biro ya nuna musu foldar cike da tarkace. "Ku ƙirga. Ɗari huɗu da goma sha biyu. Da, sai na sha shayi biyu kafin in ga bayansu. Manaja, riƙe agogonka." Ya miƙe yatsa kamar mai shirin yanka kintinkiri, ya danna.

Allon ya ƙifta sau ɗaya. Saura tara.

"Shi ke nan?" in ji Manaja.

"Shi ke nan."

"Kai! Kawu, wallahi ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba!"

Auta ta tafa hannu sau uku, a hankali, don kada ya ɗauka da gaske take, amma ya ga ta leƙa allon sau biyu. Ta bango suna jin injin faranti yana ta aikinsa, ƙit, ƙit, ƙit, bai ko yi tuntuɓe ba.

Awa guda Jan Biro bai zauna ba. Ya je ɗakin ɗinki ya yi wa masu haɗa littafi bayanin soket, su da ko waya sai an duba musu saƙo. Ya tare direba a ƙofa ya ba shi labarin layi goma sha ɗaya. Ya sha shayi a tsaye, har ya ce wa mai shayin ya iya aikinsa, abin da ya sa yaran ɗakin ɗinki suka fara tambayar ko lafiya.

Wajen goma da rabi Auta ta leƙo daga ofishinta.

"Malam mai ilmi, zo ka ga."

Marubucin ƙamus ya aiko da gyara a shafuka goma sha shida na ƙarshe, kamar yadda marubuta ke yi idan sun ji an kusa rabuwa da su. Auta ta gyara, ta rufe manhajarta ta sake buɗewa, ta tura. Kwamfutar ta ce ba ta sami Dillaliya ba. Ta sake turawa, amsa ɗaya.

Jan Biro ya koma ɗakinsa da sauri. Ya duba jerin manhajojin da ke raye. Ga Dillaliya nan daram, kuma a gefen sunanta ga adadin kwanakin da ta yi a tsaye: dubu ɗaya da ɗari da arba'in da uku. Wannan lambar, da ta fara ƙirga tun ranar da Injiniya ta kunna ta da hannunta, kullum da safe sai ya duba ta kafin ya cire hula, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya buɗe jerin abin da Tsintsiya ta share, wanda ta jera daga mafi tsufa. Bai sai ya sauka ƙasa ba. Layin farko ne. Kwanan watan da ke jikinsa Alhamis ce, kwana biyu kafin a kwantar da Injiniya a asibiti.

Tagar Dillaliya ce. Ta tsufa ne don mai ita ba ta taɓa faɗuwa ba. Shekara uku yana ƙwanƙwasawa tana amsawa, shi kuwa jerin waɗanda ba su amsa ba kaɗai yake karantawa.

Manaja ya shigo Auta na biye da shi. Jan Biro ya yi musu bayani a taƙaice, ba tare da ya juyo ba. Injin faranti yana aiki ne don tun jiya hannunsa ke cikin na Dillaliya, bai saki ba. Amma duk wanda ya zo sabo, bango zai tarar.

"To a kashe ta a kunna mana," in ji Manaja. "Ba in ta tashi za ta buɗe sabuwa ba?"

"In aka kashe ta, duk abin da ke cikinta ya zube. Awa goma sha ɗaya."

"Kawu, shafi nawa ya rage a cikin nata?"

"Injin zai gama da su nan da minti arba'in."

"Madalla. In ya gama, cikinta ya zama wayam, ba abin da za a yi asara. A kashe, a kunna, Anti ta tura sha shidan."

Yaron ya yi gaskiya, kuma Jan Biro bai taɓa jin haushin gaskiya kamar yau ba. "Ba wanda ya taɓa kunna ta sai mai ita," ya ce. "Wa ya san ko za ta tashi?"

"Littafin bai faɗa ba?"

Littafin ya faɗa, a shafi na uku, layi biyu ne kacal. Jan Biro ya ci gaba da kallon allon. Auta ta dubi allon, ta ga lambar, ta dubi ƙeyarsa. Ta haɗiye zolayar da ta zo bakinta, wanda a wurinta babban aiki ne.

"Minti arba'in," in ji Manaja. "In injin ya tsaya ba taga, ni da kaina zan karanta shafin in kashe ta. Ka yi haƙuri, Kawu." Ya fita.

Jan Biro ya cire hula ya ajiye a kan batir. Abin mamaki, ba sanyi jikinsa ya yi ba. Wani irin zafi ne ya taso masa, irin wanda yake ji da can idan an ce saura awa guda a buga littafi kuma ya hango kuskure a bango. Ya ƙirƙiri sabon fayil da sunan tagar, harafi da harafi, a daidai gurbinta.

"Je ki tura!"

Auta ta ruga, ta dawo. "Ta ce an ƙi karɓa."

"Dole. Taga na zana da alli a jikin bango." Ya goge ta. Ya duba ko akwai kwandon shara da zai tono tsohuwar, alhali ya san shi da kansa ya hana Tsintsiya ajiye komai, don a ganinsa shara da ake ajiyewa ba shara ba ce. Ya ɗauko littafin ya bi shi shafi shafi, yana lasar yatsa. Yadda ake canja batir. Yadda ake lallashin manhajar launi. Lambar wayar wani mai gyara da ya riga ta mutuwa. Ba komai a kan tagar da aka share mai ita na ciki.

Minti ashirin suka tafi. Ƙit, ƙit, ƙit.

"Ba ta rubuta ba," ya ce. "Ba ta zaci akwai wawan da zai yi haka ba."

Auta ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Yaya? Ba ta zata ba? Mijin yaya, kai fa ko kanka ba ka sani ba. Shekara ashirin da bakwai matar nan komai biyu take ajiyewa saboda kai. Makullin ɗakin girki biyu. Katin asibiti biyu. Gwangwanin maɓallai ma biyu ne, ɗaya a gidana yake har yau. Duk abin da ka ga ya kwana uku a wuri ɗaya sai ka ce tarkace ne. Ta ce min da za ta yi barcin rana mai tsawo, a bola za ta farka."

"Ƙarya kike mata."

"Rantse ba ka zubar mata da irin furannin da ta shanya a taga ba."

Bai rantse ba.

"Littafin nan na ma'aikata ne," in ji Auta. "Kai ba nan za ta ajiye maka ba. Ina take rubuta abin da take faɗa wa kanta?"

Ya san wurin. Ainihin rubutun Dillaliya, layi dubu biyu da wani abu, yana cikin wata folda mai sunan Injiniya. Masu wannan sana'a sukan bar wa kansu 'yan bayanai a tsakanin layuka, waɗanda kwamfuta ba ta karantawa. Shekara uku bai buɗe foldar ba, kamar yadda bai buɗe durowarta ta gefen gado ba. Mutumin da ke zubar da komai, waɗannan biyun ya kasa ko taɓawa.

Ya buɗe. Rubutu ya cika allo, rabinsa bai san me yake cewa ba.

"Minti goma sha biyar ba za su ishe ni karanta wannan ba."

"Wa ya ce ka karanta? Nemi sunanka."

Ya rubuta Jan Biro a wurin nema, yana jin kunyar abin. Allon ya yi tsalle zuwa layi na dubu da ɗari shida. Auta ta sunkuyo ta kafaɗarsa ta karanta da ƙarfi, da irin muryar yayarta, wadda ta iya kwaikwayo tun suna yara:

"Ranar da Jan Biro ya share tagar nan, don zai share, kada a kashe Dillaliya. A taɓa ta da sigina ta goma, za ta huda sabuwa. Kuma a ce masa har yanzu ina jiran almakashina."

Auta ta zauna a kan batir tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Jan Biro ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Ta sani! Kin ji ta ko? Ta sani!"

"To taɓa ta mana!"

Nan ya dakata. Karatun mako uku bai tafi a banza ba, ya san abu biyu da Auta ba ta sani ba. Na farko, umarnin da ake taɓa manhaja da shi, shi ne dai wanda ake kashe ta da shi. Lambar da ka sa a tsakiya ce ta raba su, in ka manta ta, kisa ne. Na biyu ya fi muni. Manhajar da ba a koya wa sigina ta goma ba, in aka aika mata, faɗuwa take yi nan take. Idan Injiniya ta rubuta wannan layin ne bayan ta riga ta kunna Dillaliya, to wadda ke tsaye yanzu ba ta san da shi ba.

Ya duba ranar da aka yi wa rubutun gyaran ƙarshe. Alhamis ɗin ce. Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ya duba lokacin da aka kunna Dillaliya. Jerin ya ba shi rana, bai ba shi awa ba. Awar tana jikin tagar da ya share.

"Kin tuna ranar?" ya tambayi Auta. "Da safe ta kunna ko da yamma?"

"Ni ina na sani? Kai ne mijinta."

Abin da ya tuna shi ne ta dawo gida bayan magariba, ta ce kanta na ciwo, shi kuma ya ce mata ta bar takalmi a tsakiyar ɗaki.

Ta bango injin ya yi ƙit na ƙarshe, ya yi dogon numfashi, ya yi shiru. Cikin Dillaliya ya zama wayam. Suka ji takun Manaja a baranda.

Jan Biro ya rubuta layin. Kalma ɗaya, lamba goma, sai lambar Dillaliya. Ya ciro jan bironsa daga aljihu, ya bi layin da bakin biron a jikin allo daga hagu zuwa dama, sannan daga dama zuwa hagu, yadda yake yi wa sunan marubuci a bangon littafi. Manaja ya turo ƙofa da niyyar kashe Dillaliya a ransa.

"Kawu, lokaci ya..."

"Tsaya nan. Matar nan ba ta taɓa barin aiki rabi ta tafi gida ba."

Ya danna.

Allon bai ce komai ba, haka abin yake ko an dace ko ba a dace ba. Ya kira jerin masu rai, ya yi kuskuren harafi har sai da ya sake rubutawa. Dillaliya: dubu ɗaya da ɗari da arba'in da uku. Ya buɗe foldar wucin gadi. Ɗazu tara ne. Yanzu goma.

"Auta, gudu!"

Ta fita ba takalmi ɗaya. Manaja ya tsaya baki buɗe yana kallon kawunsa, dattijo mai furfura, yana buga teburi da tafin hannu yana ƙirga daƙiƙa da ƙarfi. A ta goma sha tara suka ji ihun Auta daga can ƙarshen baranda, a ta talatin injin ya ce ƙit.

"Me ka yi mata?" in ji Manaja.

"Ni? Ba abin da na yi. Umarni na bi, kamar kullum."

Ƙarfe ɗaya da rabi aka ɗora farantai a mota. Jan Biro bai fita rakiya ba. Yana zaune yana kallon sabuwar tagar, mai kwanan watan yau. Ta Alhamis ɗin ta tafi, kuma ba wani umarni da zai dawo da ita. Ya buɗe Tsintsiya, ya goge layin kwana bakwai, ya kwafo umarnin shafi na sha huɗu ya sa a gurbinsa. Ya gwada. Ta fara bin tagogin ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasawa, tana jira.

Auta ta dawo neman takalminta, ta leƙa allon. "Yanzu minti nawa za ta riƙa ci?"

"In tarkace ya taru, rubu'in awa."

"To me ka ƙirƙiro ke nan? Mako uku!"

"Yanzu ita za ta jira, ni in sha shayi."

Ta sa takalmin, ta kai bakin ƙofa, ta juyo. "Almakashin fa? Me zan ce mata in na riga ka zuwa?"

Jan Biro ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"Ki ce mata ya yi tsatsa," ya ce. "Wata biyu yana kan taga ba wanda ya taɓa shi, na zubar."

"Ka ƙwanƙwasa?"

"Fita min daga ɗaki."